Shirin da Ya Kamata a Yi Kafin a Kawo Ɗan Kwikwiyo Gida

Yawancin masu sha'awar kiwon kare sukan fara shirinsu ne da sayen kwano da igiya da abin wuya, alhali kuwa waɗannan su ne mafi sauƙi a cikin lamarin, domin ana iya haɗa su duka a yini guda. Abin da ya fi wuyar tanadi shi ne lokaci. Ɗan kwikwiyo mai makonni 8 yana cin abinci sau huɗu a rana, da kyar yake riƙe fitsari na awa biyu idan idonsa biyu, kuma tun da aka haife shi bai taɓa kwana shi kaɗai ba. Saboda haka tambayar da ya kamata mutanen gida su fara amsawa ita ce wane ne zai kasance tare da shi a makonnin farko, da safe da rana da tsakar dare. Idan kowa yana fita aiki ko makaranta tun da sassafe sai yamma, gara a jinkirta kawo shi zuwa lokacin da wani zai samu hutu, ko da na mako guda ne. Sannan a tuna cewa kare kan rayu shekara 10 zuwa 13, ƙananan nau'o'i ma sukan haura 15, don haka ɗawainiyar da za a ɗauka doguwa ce.

Bayan an san mai kula da shi, sai a zauna a daidaita baki a kan dokokin gida. Zai riƙa shiga ɗaki ko iyakarsa tsakar gida da baranda? An yarda ya hau kujera? Wa zai ba shi abinci, kuma da ƙarfe nawa? Waɗannan abubuwa suna kama da ƙanana, amma rashin daidaita su shi ne ke ɓata tarbiyyar karnuka da yawa, domin idan wannan ya hana wancan ya bari, kwikwiyo ba zai gane cewa akwai doka ba, abin da zai koya kawai shi ne a gaban wa ake yin abu, a gaban wa kuma ba a yi. Haka nan kalmomin umarni: a zaɓi kalma ɗaya don kira, ɗaya don zama, ɗaya don hani, kowa ya riƙe su yadda suke. Akwai ma'auni mai sauƙi na tantance abin da za a bari, wato a dubi ɗabi'ar a ce yau kare mai kilo 30 ne yake yin ta. Tsallen da ɗan mitsitsin kwikwiyo yake yi wa baƙo abin dariya ne, amma bayan watanni goma shi ne zai kayar da yaro ko tsohuwa.

Kada a karɓi kwikwiyo kafin ya cika makonni 8, ko da mai shi ya ce ya fara cin abinci da kansa. Gaskiya ne ana fara yaye tun yana makonni 3 zuwa 4, amma ba nono kaɗai yake samu wurin uwarsa ba. A tsakanin 'yan uwansa yake koyon cewa cizo yana da zafi: ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, ɗan uwan ya yi ƙara ya bar wasan, sai ya gane iyakar da haƙori zai tsaya. Wanda aka cire da wuri yakan taso da tsoro da saurin cizo da rashin iya zama da sauran karnuka. Masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin ɗabi'un karnuka a jihar Maine ta Amurka suka kuma wallafa sakamakonsu a 1965, sun nuna cewa akwai wani taƙaitaccen lokaci, daga kamar makonni 3 zuwa 12, da kwikwiyo yake karɓar sabbin abubuwa cikin sauƙi, bayansa kuma sai tsoro ya fara rinjayar son sani. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin kowane shiri ya kamata a gama shi kafin ranar zuwansa. Wanda ya karɓi kwikwiyo yana da makonni 8, abin da ya rage masa na wannan damar bai wuce wata guda da 'yan kwanaki ba, kuma asara ce a ɓata su wajen neman inda zai kwanta ko abin da zai ci.

Wajibi ne a je a ga inda aka haife shi, a gan shi tare da uwarsa. Mai sayarwar da ya nace sai dai a haɗu a bakin hanya, ko ya kawo uzuri a kan dalilin da ya sa ba za a ga uwar ba, a yi hattara da shi. Halin uwa yana faɗin abubuwa da dama a kan 'ya'yanta, haka ma tsabtar wurin. Idan aka ɗauki kwikwiyon, a duba idanunsa ko akwai kwantsa, a duba hanci ko yana majina, a shinshina kunne domin kunne mai lafiya ba ya wari, a ɗaga leɓe a ga dasashi, wanda ya kamata ya zama ja-ja mai danshi ba fari fat ba. A buɗa gashin bayansa kusa da gindin wutsiya: idan aka ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo, a sa su a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda, in suka narke suka koma ja, to kashin ƙuma ne. A ɗaga wutsiya a ga ko akwai alamar zawo. Ƙaton ciki a jikin da haƙarƙari suka fito yawanci alamar tsutsa ce. Daga nan sai tambayoyi: ranar haihuwarsa, irin abincin da yake ci da lokutansa, ranar da aka ba shi maganin tsutsa, da ko an fara masa allura. In an ce an yi, a nemi katin da likita ya sa wa hannu, domin faɗa da baki ba shaida ba ce.

Maganar likita da rigakafi

A nemi likitan dabbobi tun kafin a kawo kwikwiyon, a san lokutan aikinsa da inda za a nufa in wani abu ya taso da dare, a kuma tsayar da ranar duba shi cikin kwana biyu ko uku da isowarsa. Alluran da ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta ce kowane kare yana buƙata su ne na cutar distamfa (mai kama numfashi da ciki da ƙwaƙwalwar kare), da cutar fabo (mai sa amai da zawo), da ƙwayar cutar da ke kama hantar kare, sai kuma ta haukan kare a duk inda cutar take. Ana fara ukun farko ne a makonni 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane makonni 2 zuwa 4 har ya kai makonni 16 ko ya wuce. Mutane da yawa sukan yi ta farko su ɗauka an gama, don haka yana da kyau a fahimci dalilin maimaitawar. Kwikwiyo yana samun garkuwa daga dakashin da ya sha a ranar farko ta rayuwarsa, kuma wannan garkuwar, yayin da take kare shi, tana kuma iya kashe ƙarfin allurar da aka yi masa. A hankali take raguwa, a jikin wani da wuri, a jikin wani sai can wajen makonni 14 ko fiye, kuma ba a gane ranar da ido. Ana maimaita allurar ne domin ɗaya daga ciki ta dace da lokacin da garkuwar uwa ta janye, shi ya sa ta ƙarshen ita ce wadda ba a wasa da ita.

Cutar fabo, wadda ta bazu a duniya a 1978, ita ce babbar mai kashe 'yan kwikwiyo. Tana zuwa da amai da zawo mai jini da ƙarni, ta ƙarar da ruwan jiki cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙwayarta tana da taurin rai ƙwarai, takan yi watanni a ƙasa, wani lokaci har shekara, kuma ana iya kwaso ta a tafin takalmi. Idan wani kare ya taɓa yin irin wannan ciwo a gidan, a gaya wa likita tun kafin a kawo sabo. Daɓen siminti da tayil ana iya wanke su da sabulu, sannan a zuba bilic da aka surka, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Turɓaya da ciyawa kuwa ba su wankuwa, don haka a irin wannan gida ya fi kyau a ɗauki kwikwiyon da ya riga ya kammala alluransa.

Allurar haukan kare ana yin ta ne daga makonni 12, kuma ita kariya ce ga mutanen gida kamar yadda take ga karen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Ya kamata kowa a gidan ya san cewa idan karen da ba a san tarihin allurarsa ba ya yi cizo ko yaƙushi, ana wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar.

Tsutsar ciki kuwa kusan kowane kwikwiyo da ita ake haifarsa, domin tana ratsawa daga jikin uwa tun yana ciki. Akan fara ba da magani tun yana makonni 2, a maimaita duk bayan makonni biyu har zuwa wajen makonni 8 zuwa 12, sannan wata-wata har ya kai watanni 6. Ƙwan tsutsar yana fita ta kashi kuma yana iya cutar da yaran da ke wasa da ƙasa, saboda haka a riƙa kwashe kashin kullum, a kuma saba wa yara wanke hannu. Maganin ƙuma da kaska a bar wa likita ya zaɓa, domin da nauyi da shekaru ake auna shi, kuma wanda babban kare zai ɗauka lafiya yana iya illata ɗan kwikwiyo.

Gyaran gida

Hanya mafi inganci ta gane haɗarin da ke cikin gida ita ce mutum ya durƙusa, ya dubi ɗakin daga tsayin da kwikwiyo zai gan shi. Daga nan ne za a hango wayar caja da ke lilo a gefen gado, da ƙwayar maganin da ta gangara ƙarƙashin kujera tun watan jiya, da safa, da batirin rimot, da ramin da ke ƙasan ƙofar gida wanda kansa zai iya shiga. Kwikwiyo da baki yake binciken duniya, kuma abin da ya shiga bakin ba lallai ya fito ba. Safa ko zare ko guntun roba suna iya toshe hanji har sai an yi tiyata. A ɗaga wayoyin lantarki ko a rufe su, a sa wa kwandon shara murfi, a rufe rijiya da tanki da duk wani bokiti mai ruwa, a toshe tazarar ƙarafan baranda idan a bene ake.

Maganin ɓera shi ne abin da na fi jin tsoro, domin an yi shi ne da ɗanɗanon da zai jawo dabba, kuma irin wanda ke hana jini daskarewa ba ya nuna alama sai bayan kwanaki, lokacin da jini ya riga ya fara zuba a ciki. A kwashe shi gaba ɗaya, har wanda aka manta a bayan firji. Ruwan sanyaya injin mota shi ma guba ne mai lalata ƙoda. A cikin abincin mutane, cakulan yana da sinadarin da jikin kare ba ya iya fitarwa da sauri, kuma baƙin cakulan ya fi haɗari. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda, albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sannan akwai zailitol, wani abin zaƙi da ake sa wa cingam da alewa marasa sukari, wanda kaɗan daga cikinsa yake sa sukarin jinin kare ya yi ƙasa ƙwarai. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini. Kada kuma tausayi ya sa a ba shi farasitamol ko ibufurofen don an ga jikinsa da zafi. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 ne a ma'aunin salshiyos, wato dama ya fi na mutum.

Sai a keɓe masa wuri guda, mai inuwa da iska, wanda ba ya jiƙa, kuma ba a kan hanyar wucewar mutane ba amma yana jin motsinsu. Ba a sakar wa sabon kwikwiyo gida duka. Ɗaki ɗaya ko wani yanki da aka kange ya isa a farko, a riƙa faɗaɗa masa gwargwadon yadda ya nuna hankali. Idan keji za a yi amfani da shi, ya zama wanda zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu, amma kada ya yi girman da zai kwanta a wannan kusurwa ya yi bahaya a waccan. Keji makwanci ne, ba a jefa shi ciki don horo, ba a kuma barinsa ya yini a kulle. Shimfiɗa ta zama tsohon bargo mai wankuwa, domin mai tsada ma yagawa zai yi. Kwanon ƙarfe ya fi na roba saboda ba ya taunuwa kuma ya fi wankuwa. Abin wuya ya zama mara nauyi, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya, a kuma riƙa gwadawa kowane mako saboda saurin girmansa. A tanadi abubuwan tauna guda biyu ko uku waɗanda suka fi ƙarfin haɗiya. Kada a ba shi tsohon takalmi ya yi wasa da shi, domin ba shi da hanyar bambanta shi da sabo.

A makon farko a ci gaba da ba shi irin abincin da ya saba, ko da ana da niyyar sauyawa. Sauyin gida kaɗai ya isa ya ɓata masa ciki, in aka haɗa da sauyin abinci kuma zawo ya zo, ba za a san musabbabinsa ba. In lokacin sauyi ya yi, a riƙa gauraya sabo cikin tsoho ana ƙarawa a hankali na kwana 7 zuwa 10. Ana ciyarwa sau huɗu har wajen watanni 3, sau uku har watanni 6, daga nan sau biyu. Madarar shanu takan sa wa da yawansu zawo, kuma wanda aka yaye ba ya buƙatarta. Ruwa mai tsabta ne ba zai yanke ba. Ga manyan nau'o'i, waɗanda ba su gama girma sai sun kai watanni 18 zuwa 24, kada a ƙara musu sinadarin ƙarfafa ƙashi ba da izinin likita ba, domin yawansa yana lalata gaɓoɓin da ake son ginawa.

Ranar ɗauko shi da abin da ke biyo baya

A je da safe, domin ya samu yini guda ya san wurin kafin duhu. Idan da hali, a kai wani tsumma kwana biyu kafin ranar a ajiye inda uwar take kwanciya, a dawo da shi tare da kwikwiyon, saboda warin da ya sani yana kwantar masa da hankali. Kada a cika masa ciki dab da tafiya. A mota ya kasance cikin keji ko kwali mai shimfiɗa a hannun wanda ba shi ke tuƙi ba, kuma ko na minti biyar kada a bar shi a motar da aka rufe. Da isowa, kafin a shiga da shi ɗaki, a sauke shi a daidai wurin da aka zaɓa don bahayarsa, a jira, in ya yi a yaba masa nan take. Masu son zuwa kallo a ce su dakata kwana biyu.

Daren farko zai yi kuka, wannan babu makawa. Ni dai ban ga amfanin a kai shi can nesa a toshe kunne ba. Ya fi sauƙi a ajiye makwancinsa kusa da inda mutum yake kwana na 'yan kwanaki, yadda zai ji numfashin wani, daga baya a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa inda ake so ya dawwama. In ya farka yana kuka cikin dare, a fitar da shi ya yi fitsari ba tare da wasa ko surutu ba, a mayar da shi.

Koyon bahaya aikin agogo ne. A fitar da shi da zarar ya tashi daga barci, da bayan cin abinci, da bayan wasa, da kuma duk lokacin da aka ga ya sa hanci a ƙasa yana zagaye wuri ɗaya. Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne yana iya riƙe fitsari kamar awa ɗaya a kan kowane wata na rayuwarsa. In ya ɓata ɗaki, dukansa ko dangwara hancinsa a kai ba ya koya masa komai sai ɓuya, gobe a bayan kujera zai yi. A goge wurin sosai har warin ya fita, amma ban da abin wanki mai amoniya, domin warinsa yana kama da na fitsari, zai sake jawo shi wurin.

A nan ne abubuwa biyu suke karo da juna: alluransa ba za su kammala ba sai makonni 16, ga shi kuma damar sabo da duniya tana rufewa kafin nan. Wanda ya kulle kwikwiyo har sai an gama allura zai iya samun kare mai lafiyar jiki amma mai firgita da komai, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mafita ita ce a riƙa fita da shi a rungume ba tare da ƙafarsa ta taka inda karnukan da ba a sani ba suke yawo ba, ya ga motoci da babura, ya ji hayaniya, ya ga dogo da gajere, mai hula da mai sanda. A gida kuma a riƙa taɓa kunnuwansa da tafin ƙafarsa da bakinsa kullum a hankali ana ba shi ɗan abin daɗi, domin ranar da za a yanke masa farce ko likita zai duba shi. In ya noƙe ko ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, a ja baya, kada a tilasta.

Yara ƙanana ba a barinsu da shi ba tare da babba ba. A koya musu su zauna a ƙasa kafin su riƙe shi, kada su tashe shi daga barci, kada su taɓa shi yana cin abinci. Yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a rana, kuma sau da yawa cizon da ya yi yawa da yamma gajiya ce. Haƙoransa na nono guda 28 za su fara zubewa a wajen watanni 3 zuwa 4, manyan guda 42 su kammala fitowa a wajen watanni 6 zuwa 7, a tsakanin nan dasashi yana ƙaiƙayi kuma tauna tana ƙaruwa. In ya kama hannu, a tsayar da wasan, a miƙa masa abin taunarsa. Tun a makon farko kuma a fara barinsa shi kaɗai na minti biyu, sannan biyar, sannan goma, domin kada ranar da hutu ya ƙare ta zo masa ba zato.

Kwikwiyo ba shi da juriyar babban kare, ciwon da babba zai kwana da shi yana iya kayar da ƙarami cikin sa'o'i. Amai fiye da sau ɗaya ko biyu, jini a kashi, ƙin cin abinci sau biyu a jere, farin dasashi, kasala har ya kasa tashi, ko zargin ya haɗiyi wani abu, kowanne daga cikinsu dalili ne na kiran likita a take, ba a jira gari ya waye. In guba ake zargi, a tafi da kwalin ko kwalbar abin da ya ci, kuma kada a yi ƙoƙarin sa shi amai sai likita ya ce a yi.